Ƙafar Bayan Kekena

Ni mutum ne mai jiki tun ina saurayi. Ba ci ba ne, halitta ce, amma wa zai tsaya ya saurari wannan bayani? Da babur nake zuwa ƙauyenmu, can gefen Dogon Dawa, in duba Inna in ɗauko hatsi. Da hanya ta lalace, babur ya zama abin da 'yan bindiga ke nema tun kafin su nemi mai shi, sai na rabu da nawa na koma keke, da furfurata.

Keken bai yi maraba da ni ba. Ƙafar gaba ba ruwanta, ta baya ce ke shan wuya. In hau, in ɗora buhun masara a kariya, kafin in yi nisa sai in ji tas, wayar ƙafar ta tsinke. Ɗaya na tsinkewa sauran su bi ta, rim ya karkace ya riƙa gugar birki, ni kuma in sauka in yi ta turi cikin rana ina tsaki. Na gaji, wallahi na gaji.

Mai gyaran da nake kai wa a Birnin Gwari taubashina ne, don haka bakinsa ba linzami a kaina.

"Kai da buhun, wanne ne kayan?" Haka yake tarbata kullum.

Wata rana na sake kai masa keken. Na ce masa wannan karon ba buhu zan ɗauko ba, Inna ce. Maƙwabtanta sun watse, gwiwoyinta sun daina ɗaukarta, mota kuma ta daina shiga. Idan ƙafar nan ta karye da mu a tsakiyar daji, ba ni da ƙarfin goya ta.

Sai ya daina dariya. Ya ture sababbin rim masu ƙyalli da ke rataye, ya ce waɗannan na zuwa zance ne. Ya tono wani tsohon baƙin rim mai faɗi, na kekunan da, ya ƙara wa ramukansa faɗi, ya ɗaure shi da wayoyin babur masu kauri. Ya yanka tsohuwar taya ya shimfiɗa cikin sabuwa saboda ƙaya, ya canja boris, 'yan ƙwallayen da ƙafar ke juyawa a kansu. Da ya gama sai ya sa na zauna a sirdi, shi ya zauna a kariya, ya sunkuya yana kaɗa wayoyin da yatsa, yana ƙara wa masu sanyin murya ɗauri.

"Je ka ɗauko Gwaggo," ya ce. "In ta karye, kada ka ƙara gaishe ni."

Da hantsi na isa. Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. "Kai wannan," ta ce, "ɗaure mini irin dawata." Na ce Inna, nauyi. Ta ce to in tafi, a gaida yara. Haka na rataya ƙunshin irin a gaba, na naɗa mata bargo a kariya, ta zauna a karkace ta riƙe rigata.

Ban taɓa sauraron wani abu yadda na saurari ƙafar nan ba. Kowane rami, kowace saiwa, jira nake in ji tas. Tsoro nake ji sosai, ita kuwa salati take yi ƙasa-ƙasa a bayana. Ba abin da ya tsinke. Muka fito titi, na sauka na zauna a ƙasa na huta.

Yanzu tana ɗakin da ke kusa da zaurena. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, irin dawar na nan cikin tukunya da toka. Ni kuma gwiwa ta fara yi mini irin nata, ba na hawa sosai. Kwanaki wani mai sayar da itace ya ga ƙafar ya nace in sayar masa, har na fara tunani. Ashe Inna na jin mu.

"Kai wannan," ta ce daga ɗaki. "In ka sayar, da me za ka mayar da ni?"

Na ba mutumin haƙuri. Da ya tafi na ɗauko famfo na ƙara wa tayar iska.