Kawu Mita da Gejin Baƙin Mai

Ku gyara zama in ba ku labarin kawuna, wanda duk layinmu ke kira Kawu Mita. Shekara talatin ya yi yana bin gidaje yana karanta mitar ruwa. Tsofaffi sun sha rantse masa cewa famfonsu ko ɗigo bai yi ba wata guda, shi kuwa sai ya goge gilashin mitar da hannun riga, ya rubuta abin da allura ta nuna, ya wuce. A wurinsa mutum na iya ƙarya, allura kuwa a'a.

Da ya yi ritaya, sai duk wannan amana ta koma kan motarsa, wata dattijuwa mai launin toka da ta girmi babban ɗansa. Ƙofar direba ba ta buɗuwa sai ta ciki, hon ɗinta kuma sai ranar da ya ga dama. Amma kada ka kuskura ka ce mata tsohuwa a gabansa.

Wata safiya allurar gejin baƙin mai ta kwanta ƙasa. Kawu ya faka, ya sayi galan ɗin baƙin mai ya ɗura. Ta ɗan ɗago kai, ta sake kwanciya a ramin farko da suka faɗa. Ya ƙara. Inna, matarsa, ta tambaya ko ba a zaro tsinken nan na duba mai ne, kamar yadda take ganin direbobi na yi. Ya ce tsinke na waɗanda ba su iya karatu ba ne.

Cikin mako biyu motar ta koma abin kallo. Salansar motar na aman hayaki shuɗi, har maƙwabta suka yi masa godiya wai sauro ya ragu. Ƙarƙashinta kuwa kullum tafkin mai.

Nan Yaya, babban ɗan nasa, ya yanke hukunci. Ya ce injin ya mutu, ya kuma yi magana da mai sayen tsohon ƙarfe, ranar Asabar zai zo ya ja ta. Kawu ya roƙi alfarma ɗaya, a bari bakanike ya gani tukuna. Ni aka sa rakiya, saboda na fi kowa iya turi.

Bakaniken, wani gajere mai furfura da sifana a aljihun baya, bai ko kalli gejin ba. Bonet ya buɗe, ya zaro tsinken, ya ga mai ya kusa kaiwa mariƙi. Ya daɗe yana kallon Kawu.

"Baba, mota kake tuƙawa ko wanka kake mata?"

Kawu ya ce shi dai abin da allura ta faɗa ya bi. Bakanike ya tsiyaye rarar man, ta cika tsohon bokitin fenti. Sannan ya kwance wani ɗan ƙarfe a jikin injin, wanda shi ke aika wa geji labari ta waya, ya ɗaura nasa ma'aunin na hannu a gurbinsa, ya ce a tayar. Mai na gudu lafiya lau. Ɗan ƙarfen ne ya lalace, wayarsa ma ta ci tsatsa. Ya canza shi, ya wanke fulogogin da mai ya jiƙa, ya ce injin nan ba ƙaramin haƙuri gare shi ba.

Har muka kama hanya Kawu sai gyaran madubi yake, madubin da babu abin da ya same shi. A ƙofar gida muka tarar da Yaya. Ya zagaya motar, ya leƙa salansa, ya sunkuya ya duba ƙasa. Ya ciro waya zai gaya wa mai tsohon ƙarfe kada ya wahalar da kansa.

Kawu ya karɓe wayar, ya gaishe da mutumin har da tambayar iyali, sannan ya ce, "Ka zo Asabar ɗin dai, malam. In ba ka da abin hawa, ni zan mai da kai gida."