Hannun Ƙarshe Ne Ya Kwance Ƙullin

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ni dillalin shanu ne a Rano, mai rufin asiri. Ban gaji sana'ar ba, da jan akuya zuwa kasuwa na fara, har Allah ya sa nake loda mota zuwa Kudu. Taƙamata ita ce ba a taɓa cutata a ciniki ba, kuma taƙamar nan ce ta ja wa wani bawan Allah bala'i.

Ina da aboki Bafulatani a wajen Durba ta ƙasar Kibiya, dattijo ne, Baffa nake ce masa. Wata shekara satar shanu ta yi yawa, sai ya gane shanun maƙwabcinsa da aka sace ta tsagar kunnensu a garken wani babban dillali da muke zama rumfa ɗaya. Ya turo mini hotuna da saƙon murya, ya roƙe ni in kai maganar inda za a ji, amma kada sunansa ya fito, domin mutumin yana da 'yan daba. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ya bar mini.

Na sha jin labarin wata manhaja mai ɓoye mutum a intanet, sai na sauke ta da kaina. Tsarinta bai zame mini baƙo ba. Saƙonka yana bi ta kwamfutocin mutane daban-daban a duniya, kowa ya san wanda ya miƙo masa da wanda zai miƙa wa kawai, kamar saniyar da ke sauya hannu tsakanin dillalai har mahauci bai san rugar da ta fito ba. Abin da ban lura ba shi ne kowa na iya sa kwamfutarsa a layin, har da ɓarawo, kuma hannun ƙarshe yana iya leƙa kayan idan ba a kulle suke ba. Na buɗe sabon asusu a shafin sada zumunta da sunan ƙarya don in aika wa wani ɗan jarida a Kano. Hotunan kuwa suna cikin asusuna na gaskiya, sai na shiga shi ma ta manhajar. Gargaɗi ya fito cewa shafin ba amintacce ba ne. Na ɗauka matsalar sabis ce da muka saba, na danna na wuce, na rubuta kalmar sirrina. Ashe shafin bogi ne, mai hannun ƙarshen ne ya ɗana shi.

Daga baya aka fahimtar da ni cewa masu irin wannan tarko sayar wa 'yan damfara asusun da suka kama suke yi. Nawa ya faɗa hannun wanda ke jin Hausa. Ya saurari muryar Baffa, ya gane darajarta, ya aiko mini cewa in biya shi ko ya tura wa duk abokan hulɗata. Ni kuma na ɗauke shi ciniki. A kasuwa idan mai saye ya juya baya, mai kaya ke kiransa. Na yi masa tayin wulaƙanci, na kashe waya, ina jiran ya sauko. Ba na nadamar ƙin biya, don wanda ya biya irinsu sau ɗaya ya zama saniyar tatsa. Nadamata ita ce ban je Durba ba, ga babur a ƙofar gida. Maiɗakina ta ce in je in gaya wa Baffa ko da zai zage ni. Na ce mata ba ta san ciniki ba. Gaskiyar ita ce kunya nake ji ya san an yi mini wayo.

Ɗan damfarar bai sauko ba, ya tura wa abokan hulɗata, har da babban dillalin. Ranar kasuwa babban dillalin ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi lafiyar Baffa, ya ce ya ji muryarsa ta yi rauni, tsufa ba daɗi. Nan take na hau babur, amma an riga ni. 'Yan dabar dillalin sun tare Baffa a hanyar mashaya, sun karya masa hannu, sun kora shanunsa. Maganar ta je gaban hukuma, kuma tana can har yau.

A asibiti Baffa bai zage ni ba. Ya dube ni ya ce shi bai san intanet ba, don haka ba zai tuhume ni a kanta ba, amma hanyar Durba na san ta. Da ya warke ya tashi da iyalinsa, ban san inda suka nufa ba.

'Yan'uwa, manhajar ɓuya tana ɓoye inda kake ne kawai. Ba ta ɓoye abin da ka rubuta da hannunka, kuma ba ka san wanda ke tsaye a ƙarshen layin ba. Kada ka shiga asusunka na gaskiya ta cikinta, kada ka tsallake gargaɗi, kada ka aika muryar wani. Idan kuwa asiri ya tonu, ka ajiye girman kai ka fara sanar da wanda ya ba ka amana. Ni na tsaya ciniki, Baffa ya biya da hannunsa. Allah ya sa ya yafe mini.