Odessa Pruitt, Mai Teburin Bakin Ƙofa

Kafin motar ɗalibai ta iso, Madam Odessa Pruitt ta riga ta kakkaɓe ƙanƙarar takalminta, ta ɗora kofi, ta zauna a teburinta na bakin ƙofa. Ita ke ɗaukar sababbin ɗalibai a 'yar sakandarenmu da ke birnin St. Paul, wadda a da kantin sayar da katifu ce. Gwamnati ke biyan kuɗin karatu, mu ke gudanarwa bisa yarjejeniya. In sakamako ya lalace, a soke yarjejeniyar, a rufe mu.

A ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Ni da ke koyar da lissafi aka ce in rubuta mata jinjina, ga shi kuwa har yau ban san ko ta ceci makarantar nan ba ne ko ta jefa ta rami.

Ajina kamar tashar mota yake: 'yan Somaliya, 'yan ƙabilar Hmong, 'yan Meziko, baƙaƙen fata 'yan unguwa, da fararen da aka koro daga wasu makarantu. Duk ta hannunta suka shigo. Bara sakamakonmu ya faɗi, masu sa ido suka yi gargaɗi. Shugabanmu, Mista Curtis Nygaard, mutumin kirki wanda ya taɓa kwana a asibiti da ɗalibi, ya tsaya gaban teburinta ina ji.

"Odessa, duk wanda ya zo a tsakiyar shekara, ki nuna masa babbar makarantar gundumar. Sun fi mu malaman Turanci."

"In ce mun cika?"

"Ban ce ki yi ƙarya ba."

"To me ka ce, Curtis? Kunnena ya tsufa."

"Na ce in aka rufe mu, yaran da ke ciki ina za su?"

Ta ci gaba da jera takardun teburinta.

Cikin Janairu wata mata 'yar ƙabilar Karen ta shigo da 'yarta, Paw Eh, ba su daɗe da barin sansanin 'yan gudun hijira a Thailand ba. Shekarar yarinyar goma sha shida, Turancinta bai wuce gaisuwa ba. Odessa ta dubi ƙofar ofishin shugaba, ta dubi takalman roba da ke ƙafar yarinyar cikin wannan sanyi.

"Akwai wuri," ta ce. "Zauna, 'yata. Kin ci wani abu?"

Kafin bazara ta ɗauki irin su da dama. Sakamako ya sake faɗuwa, aka ba mu wa'adin shekara biyu. Wasu iyaye suka ji tsoro suka cire 'ya'yansu, malamin kimiyya ya rasa aikinsa. Abokina ne, yanzu kaya yake jerawa a kanti. Paw Eh kuwa ta fi kowa lissafi a ajina, amma ta faɗi jarrabawar jiha, domin ba ta gane Turancin tambayoyin ba. A takarda, tana cikin waɗanda suka ja mu ƙasa. A aji, ita ke koya wa wani ɗan Somaliya darasi da yatsu da zane. Wanne zan gaskata?

Ke ce, Odessa, inuwar da ba ta tambayar sunan mai fakewa. Ke ce kika riƙa zuwa har gida kina kai wa iyayen malamin kimiyya miya lokacin da suka kwanta ciwo, shi kuwa har yau ba ya gaishe ki.

Jiya na tambaye ta: "Madam, in aka rufe mu fa?"

"To na yi kuskure kenan, malam. Ko ban yi ba. Ni dai yarinya na gani a tsaye, ban ga shekara biyu ba."

Mun gode, Odessa, har da mu da ba mu gama fahimtarki ba. Wanda zai gaji teburin nan, ba ni da tabbacin da zan ba shi cewa hanyarta za ta fisshe mu. Abin da zan roƙa kawai, ya ɗaga kai ya dubi wanda ke gabansa kafin ya yi magana, kamar yadda ta yi. Sauran kuma mu haɗu mu ɗauki nauyinsa.