Fangali a Kan Siminti

A daminar bara waccan bangon gabas na ɗakin Inna, mahaifiyata, ya sha ruwa har ya yi ciki. Muka tokare shi da itace biyu, da ƙyar ya kai kaka. Duk wanda ya dube shi ya san ba zai ɗauki wata damina ba. Sai na yanke shawarar gina mata ɗakin bulo da 'yar rumfa a gabansa, a cikin gidanmu na Bodinga, kafin ruwa ya sauka.

Aikina karanta labarai ne a gidan rediyo a Sakkwato, inda ake auna komai da minti. Da wannan hali na zauna na tsara ginin a takarda: ranar tushe, ranar zuba kankaren ƙasa, ranar ɗora bulo, ranar rufi. Na kai wa maginin takardar har Shagari. Dattijo ne, taubashin Inna, ni kuwa Kawu nake ce masa. Ya riƙe ta nesa da idonsa, ya daɗe yana dubawa.

"Mai labarai, tsarinka ya yi kyau," in ji shi. "Abu guda ka manta. Mutanena manoma ne. Ran da ruwan shuka ya sauka, ko ƙafarsu ka riƙe sai sun tahi gona. In ba mu yi rufi ba kafin nan, tsohuwar ga sai ta kwana ƙarƙashin itacenka biyu."

Ya ce babu wurin kuskure a kankaren ƙasa, domin a kansa komai zai hau. Idan ya lalace sai an fasa an sake, mako biyu sun tafi ke nan. Kuma bazara ce, lokacin da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu tun kafin azahar.

Muka yi shiri yadda ya faɗa. Tifa ta kawo yashi da tsakuwa, muka rufe tsakuwar da zana don kada ta ɗauki zafi. Rijiyarmu ta ja baya, saboda haka 'yan ga-ruwa suka yi kwana uku suna cika mana duro shida a inuwar dogon yaro. Na bi maƙwabta masu noman albasa na aro tsofaffin buhuna na rama, irin masu riƙe ruwa. Siminti kuwa yana cikin zaure a kan katako.

Ranar zubawa muna sallame asuba aka fara. Har yanzu ina jin daɗin tuna safiyar nan. Iska da ɗan sanyi, ƙarar shebur a kan tsakuwa, mutum bakwai suna miƙa wa juna kwanon sarki ba tare da wani ya jira wani ba. Kawu yana tsugune da dogon katako yana baje kankaren, yana yi wa kowa tsiya. Inna ta fito da kunu a babbar ƙwarya, ta tsaya tana kallo, hannu a ƙugu.

"Ka tsufa hwa," ta ce masa. "Da can ba ka nishi in ka duƙa."

"Nishin ginin ɗakinki ne. Wa ya san nauyin kayan da za ki jibga mishi?"

Kafin hantsi ya yi ƙarfi an gama. Da kankaren ya ɗan kama, aka jiƙa buhunan aka shimfiɗa a kai, babu inda aka bari a buɗe. Kawu ya wanke cokalinsa na gini, ya ce mini a riƙa ba shi ruwa safe da rana da yamma har kwana bakwai, kada buhun ya bushe ko sau ɗaya. Ni ya gaya wa. Ni kuma na rubuta a takardata, ban gaya wa Inna dalili ba, domin a ganina abin a fili yake.

Washegari na yayyafa ruwan safe na tafi Sakkwato, ina da labaran rana. Na roƙi Inna ta sa a zuba na azahar. Na dawo da la'asar, na shiga gida, na tarar da buhunan nan duka a shanye a kan danga, an jera su tsaf, sun bushe ƙayau. Kankaren yana kwance tsirara a rana, ya yi fari. Na ɗora tafin hannuna a kai, na ɗauke da sauri.

Inna tana zaune a tabarma tana tsince wake, fuskarta cike da gamsuwa.

"Na kwashe maka tsummokaran nan," ta ce. "Sun hana shi shan rana. Yanzu ka ga ya fara bushewa."

A nan ya kamata in yi wa Inna adalci. Tun tana budurwa ake kiranta daɓe a unguwarmu har zuwa Sifawa. Ta san yadda ake baza tsakuwa da jar ƙasa, a yi ta bugu da madaɓi, a shafe da ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, sannan a bar shi ya bushe. A saninta, daɓen da bai bushe ba bai zama daɓe ba. Abin da ta yi shi ne abin da gwana za ta yi.

Na mayar da buhunan, na kwarara ruwa har duro ɗaya ya ƙare, sannan na kira Kawu a waya. Kafin magariba ya iso a babur. Ya ɗaga buhu ya duƙa, ya bi gefen rumfar da yatsa. Akwai tsaga guda, siririya kamar gashi, tsawon kamu biyu. Ya ƙwanƙwasa nan da can, ya saurara.

"Bai mutu ba," ya ce. "Amma in anka sake mishi haka gobe, sai guduma."

Na shiga yi wa Inna bayani da Hausar da nake karanta labarai, cewa siminti da ruwa yake yin ƙarfi, idan rana ta janye ruwan da wuri sai ya tsaya a hanya. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "To, an ji labaran duniya. Ni dai ban taɓa ganin abin da jiƙa ke ƙara wa ƙarfi ba."

Kawu bai yi gardama ba. Ya zagaya inda aka kwaɓa, ya ɗauko dunƙule biyu na ragowar kankare. Ɗaya ya wuni biyu a rana, ɗayan kuwa a gindin duro ya faɗa, inda ruwa ke ɗiga. Ya ajiye su a gabanta.

"Ɗauko madaɓinki, gwana."

Ta shiga tsohon ɗakin ta fito da shi, baƙi wuluk don tsufa. Ta bugi na rana, ya watse ya zama gari. Ta bugi na gindin duro, madaɓin ya yi tsalle. Ta sake bugu da ƙarfi, gefe kawai ya ɓantare. Ta ɗauka ta jujjuya shi a hannu.

"Ashe abin naku dashe ne," ta ce. "Awa albasa."

"Yau kam kin yi hankali."

"Kai kuwa shekara nawa kana ba dashe ruwa da tsumma? Wa ya koya maka ban ruwa?"

Da gari ya waye na fito na sami Inna da maƙwabta mata uku, sun kwaɓa laka, suna ɗora 'yar kunya mai tsawon yatsa a kewayen kankaren. Suka ratsa tsakiya da wasu kunyoyin, suka raba shi gida shida, daidai yadda ake fangalin albasa a fadama. Sannan suka cika kowane gida da ruwa. Kankaren ya koma ƙarƙashin ruwa gaba ɗaya, sararin sama yana kwance a cikinsa. Ɗaya daga cikin matan ta ɗauko waƙar daɓe, sauran suka amsa, ko da yake babu abin da ake bugu.

Ruwan da fangalin ya ci bai kai wanda buhu ke ci ba, domin sau biyu kawai ake ƙara shi a wuni. Inna ta hana kowa taɓa aikin. Ita ke duba inda laka ta tsage ta liƙe, ita ke korar kaji da suka mai da wurin mashaya. Da Kawu ya zo a rana ta huɗu, ya tsaya a bakin fangalin yana dubawa.

"A manyan gine-gine na ga ana haka," ya ce. "Ban zaci za a yi shi da laka ba."

"Faɗi dai ka koya."

"Na koya, ranki shi daɗe. Kada ki gaya wa mutanen Shagari."

Ta gaya musu, a bikin farko da ta je.

A rana ta takwas aka fasa kunyoyin, ruwan ya gangara gindin dogon yaro. Kankaren ya fito da duhun toka, santsi, da sanyi a tafin ƙafa. Tsagar gefen rumfa ba ta ƙaru ba, tana nan har yau, ba ta kai a sa mata allura ba. Aka ɗora bulo, kafinta ya buga kwano, aka yi shafe. Kullum da yamma ina duban gabas, ina ganin hadari yana taruwa yana watsewa.

Mun kwashe kayan Inna ranar wata Laraba, gadonta da akwatuna da tulunanta. Kwana biyar bayan haka ruwan shuka ya sauka da rana tsaka, mai yawa, kuma washegari ko mutum ɗaya daga ma'aikatan Kawu bai rage a gari ba. A ruwa na uku bangon gabas na tsohon ɗakin ya zauna, a hankali, ba tare da wata ƙara ba. Inna tana rumfarta a lokacin, ta miƙe ƙafafu a kan siminti tana kaɗin zare. Ta leƙa ta ga abin da ya faru, ta ce in ruwa ya ɗauke a ciro mata itacen nan biyu, za su yi girki.