Sunan da Inna Ta Ƙi Faɗa

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe da lasifikar cigiya a Kasuwar Sabon Gari, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Asabar a goman ƙarshe na azumi, shekarar da kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi. Ku sababbin ma'aikata da kuke cewa ina ɓata lokaci wajen sauraron tsofaffi, ku ji inda abin ya samo asali.

Ɗakin cigiya ɗan ƙaramin ɗaki ne kusa da ƙofar kasuwa, inda ake kawo duk wanda ya ɓace wa 'yan uwansa. Ni Bukar, ni ne mai magana a lasifika. Rifkatu, wata Kirista 'yar Zariya, ita ke kula da mata da yaran da aka tsinta. Shugabanmu Alhaji Garba ne, tsohon sajan ɗan sanda, mutumin da ba ya wasa da doka. Dokar tasa kuwa ɗaya ce: ba a miƙa wanda aka tsinta ga kowa sai shi da bakinsa ya ce wannan nasa ne, saboda 'yan damfara sun sha zuwa su ce tsohuwa kakarsu ce, su ja ta lungu su raba ta da ɗan abin da ta ƙulle a bakin zane.

A wannan shekarar kasuwa ta cika maƙil, amma ciniki babu. Magidanci zai kwaso iyalinsa tun daga Titin Ibrahim Taiwo, su ratsa kasuwar Singa, su shigo wajenmu, a taɓa atamfa, a tambayi kuɗinta, a ce "Allah ya kawo kasuwa," a yi gaba. Ni ma abin da na yi ke nan da matata a makon da ya wuce, don haka ban ga laifin kowa ba. Sai dai masu yawon kallo sun fi masu saye ɓacewa, domin mai saye tsayawa yake wuri ɗaya, mai kallo kuwa ƙafarsa ba ta zama.

Bayan la'asar wata mai sayar da takalma ta shigo riƙe da hannun wata tsohuwa. Ta ce ta gan ta tsaye a bakin shagonta tun da rana, tana kallon duk namijin da ya gifta. Tsohuwar tana azumi, leɓenta ya bushe. Ba ta da waya, ba ta taɓa shigowa Kano ba sai ranar. Ta ce daga wani ƙauye take a wajen Ɗambatta, kuma ɗanta ne ya kawo ta. Da magariba ake rufe kasuwa, idan aka rufe kuwa sai dai mu kai ta caji ofis ta kwana.

Na yi sanarwa cewa an tsinci wata tsohuwa daga wajen Ɗambatta. Na maimaita har maƙogwarona ya ƙara bushewa, babu wanda ya leƙo. Ban yi mamaki ba. Tsakanin ƙarar janareta da ihun masu talla, mutum a kasuwa ba ya jin komai sai sunansa.

Na ce, "Inna, ya sunan ɗan naki?"

Ta dubi ƙasa. "Wancan yaron dai."

"Wane yaro, Inna? Sunansa nake so in kira."

"Ɗan nan, ka kira dai, zai ji."

Raina ya fara ɓaci, ga yunwa ga zafi. Rifkatu ta taɓa ni ta ce a hankali, "Malam Bukar, ɗan fari ne. Ko kakata a Zariya har ta mutu ba ta kira sunan babana ba." Na san al'adar mana, tsofaffin unguwarmu ta Kwaciri ma suna yi, amma ban taɓa zaton mutum zai riƙe ta a irin wannan hali ba. Alhaji Garba ya gwada nasa, da muryar 'yan sanda, ya ce mata in ba ta faɗa ba a caji ofis za ta sha ruwa. Ta ce, "To, Allah ya kai mu." Ya fita yana girgiza kai.

Rifkatu ta zauna kusa da ita a kan benci ta ce, "Inna, ba sai kin faɗa ba. Ni zan riƙa kira, ke ki ce a'a." Ta fara: Muhammadu, Abubakar, Umaru, Usman, Aliyu. Kowanne tsohuwa ta ce a'a, har da ɗan murmushi, kamar wasa ake. Da Rifkatu ta ce Haruna, sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta maimakon ta ce a'a.

Na kama lasifika na ce Haruna ya zo ɗakin cigiya da gaggawa. To, a nan ne talauci ya nuna mana halinsa. Wani ya baza cewa tallafin Sallah ake rabawa, sai ga Haruna ɗan dako da igiyarsa a kafaɗa, ga Haruna mai gwanjo, ga wani dattijo da ya rantse Haruna ne sunansa na yanka ko da yake kowa Ɗanladi yake ce masa. Duk wanda ya shigo, tsohuwa sai ta ɗaga kai ta ce, "Sannu ɗana, ya azumi? Ya mutanen gida?" Su gaisa, ya ga babu shinkafa, ya fita yana ƙunƙuni. Rana tana ta yin ƙasa, masu shaguna sun fara jan ƙofofi.

Ana daf da kiran sallah wani mutum ya faɗo ɗakin, rigarsa sharkaf da gumi, takalminsa ɗaya ya tsinke yana riƙe da shi a hannu, ɗaya hannun da 'yar baƙar leda. Yana ganinta ya durƙusa a bakin ƙofa. Ita kuwa ta juya masa baya ta fuskanci bango.

Alhaji Garba ya ce, "Inna, kin san wannan?" Shiru. Ya sake tambaya. Shiru. Ya dube ni ya ce, "Bukar, ka san doka. Ba ta ce nata ba ne."

Mutumin ya shiga bayani. Ya ce duk shekara yakan aika mata atamfar Sallah, bana abin ya gagara, sai ya ce bari ya kawo ta ko birnin ta gani, ya saya mata ɗan kallabi. Yana bin shaguna yana neman mai sauƙi, ya waiga bai gan ta ba. Har Singa ya koma yana nema.

Na ce, "Ranka ya daɗe, duk Harunan da ya shigo nan ta gaishe shi har da tambayar mutanen gida. Wannan kaɗai ta juya wa baya."

Alhaji Garba ya ce, "Na gani. Amma da baki doka ta ce."

Sai aka kira sallah. Rifkatu, da ba ta azumi amma kullum takan ajiye mana dabino da ruwan leda, ta miƙa wa tsohuwar. Tsohuwa ta karɓa, ba ta kai baki ba. Ta mayar wa Rifkatu, fuskarta har yanzu tana bango, ta ce, "'Yar nan, ba wa wancan. Ko sahur ɗin kirki bai yi ba, ni ya tura wa nasa."

Haruna ya sa fuskarsa cikin tafin hannunsa ya fashe da kuka. Alhaji Garba ya yi gyaran murya ya ce, "To, ta faɗa da baki. Ku tafi." Ni kaina sai da na nemi wuri na zauna. Ban taɓa jin daɗin ruwan buɗa baki kamar na ranar ba. Da suka sha ruwa muka tare musu adaidaita sahu zuwa tasha, tana gaba yana binta a baya.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Doka tana da amfani, kada ku sake ta. Amma mutanenmu ba duka abin da ke ransu suke faɗa yadda muke so mu ji ba. Idan aka kawo muku tsoho ya yi shiru, kada ku ɗaga masa murya. Ku ba shi wuri ya zauna, ku lura da wanda ya kasa haɗa ido da shi.