Tsaya-haka da Fitilar da Ke Sauka da Kanta

Duk layin babu wanda ya san shi da wani suna sai Tsaya-haka. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana ɗaukar hoto a wani ɗan shago tsakanin mai aski da mai gyaran agogo, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa ya ji "tsaya haka" sau uku kafin a ɗauke shi sau ɗaya. Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya yi shi da zargi. In ya sayi batir, sai ya jinjina shi a tafin hannu yana kallon mai sayarwa ido cikin ido. In ka yaba masa aiki, sai ya ce, "To, me kake so?" Maiɗakinsa ta ce ranar da ya fara zuwa wurinta sai da ya girgiza kujerar da aka ba shi kafin ya zauna.

Abin da ya yarda da shi a duniya bai wuce ƙafafun fitilunsa biyu ba. Wani mai walda ne ya haɗa masa su tun yana saurayi: baƙin ƙarfe mai ƙafa uku, sanda a cikin sanda, da noti a tsakiya da ake ɗaurewa in an ɗaga fitila inda ake so. Na dama ya sa masa suna Dogo, shi ke ɗauke da babbar fitila da lemarta. "Ka ga wannan?" in ji shi ga duk baƙon da bai tambaya ba. "Bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Autarsa ce ke taya shi aiki. Ita ta shigo da ɗaukar bidiyo shagon, kuma shekara biyu ke nan tana riƙe da makulli. Wani babban shagon bidiyo ya yi ta nemanta, ta ce ba za ta bar Baba shi kaɗai ba. Rigimarsu ɗaya ce: tana so a sayi sababbin ƙafafun fitila.

"Baba, Dogo ya tsufa."

"Wa ya aiko ki? Mai sayar da su?"

Ana nan sai wata malamar makaranta ta dawo da hoton fasfo tana huci. Inuwarta ta hau labule ta tsaya mata a bisa kai. "Dubi yadda ka mayar da ni, sai ka ce mai tsorata yara!" Tsaya-haka ya san wannan inuwa: fitila ta yi ƙasa. Amma shi da hannunsa ya ɗaga ta jiya. Ya aro jan farcen maiɗakinsa, ya ja layi a jikin sandar daidai bakin noti, ya rufe shago.

Washegari layin ya nutse. Yatsa uku cur. Ya ɗaga, ya ɗaure. Kashegari ma yatsa uku, ba ƙari ba ragi. Ƙarfe dai ba ya auna yatsa, in ji shi a zuci. Wannan aikin mutum ne, kuma mutumin da ke riga shi zuwa da safe, wanda ke son a ce Dogo ya gaza.

Ya jira Auta ta gama goge kyamara, sannan ya miƙa mata tafin hannu.

"Makulli."

"Na'am, Baba?"

"Ina so in riƙa buɗewa da kaina."

Ta dubi hannun, ta dubi jan layin da ke jikin Dogo, ta gane. Ta ajiye makullin a kan tebur, ba a hannunsa ba, ta ɗauki jakarta. A gida maiɗakinsa ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baban Auta, yau kuma 'yar cikinka ce ɓarauniya? Ta ce ranar Litinin za ta koma wurin masu babban shagon bidiyon nan. Sai ka zauna da Dogonka ya riƙa kawo maka ruwa."

Da safe ya buɗe shago shi kaɗai, yana jin yau zai ga layinsa inda ya bar shi. Sai ya tarar da fitila daidai ƙirjinsa, lemar ta langaɓe kamar kazar da ruwa ya daka. Ba yatsa uku ba, fiye da kamu ɗaya. Ya leƙa waje. Mai aski na wanke almakashi.

"Maƙwabci, jiya da na tafi, ka ga wani ya raɓi ƙofata?"

"Na gani mana. Kai ne, ka dawo sau biyu kana jan kwaɗo."

Tsaya-haka bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon almakashin, sannan ya koma ciki. Ya ɗaga fitila zuwa layi, ya ɗaure notin da duk ƙarfinsa, ya tura ƙofa, ya ja kujera ya zauna gadi da rana tsaka. Ya ƙi cin abinci. Ya kori mutum biyu da suka zo ɗaukar hoto. Wajen la'asar wata babbar mota ta wuce, ƙasa ta ɗan girgiza, sai ya ji "ƙiii". A gaban idonsa Dogo ya haɗiye jan layin, a hankali, ba kunya. Ya kwance notin ya duba a haske. Haƙoransa sun cinye, sun yi sumul.

Ba haƙuri ya ba Auta ba, don bai iya ba. Cewa ya yi, "Gobe ki zo ki riƙe mini jaka, zan je kasuwa." A hanya ne ya yi tambayar, yana kallon wani wuri.

"Yatsa ukun nan fa?"

"Kullum nakan tarar ta sauka, sai in ɗaga kafin ka zo. Nan ne kaɗai notin ke ɗan kamawa."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Sau huɗu na faɗa, Baba. Ka ce aiko ni aka yi."

A shagon kayan hoto, mai shago ya jero musu ƙafafu shida, ya fara zuba. Tsaya-haka ya ɗaga masa hannu. Ya buɗe na farko, ya ƙwanƙwasa maɗaurinsa da farce, ya ji roba ce, ya ture shi gefe. Na biyu ƙafafunsa ba sa buɗewa sosai, ya taɓa shi da yatsa ɗaya ya yi tangaɗi. Na uku siriri ne, da aka miƙe shi har ƙarshe sai ya riƙa rawa. Na huɗu bai yi laifin komai ba, ƙyallinsa ne ya yi yawa.

Auta ta jawo na biyar, mai kaurin sanda da maɗaurin ƙarfe. Ta ware ƙafafun, ta juya guda ɗaya ta saitin inda nauyin fitila zai rinjaya, yadda shi ya koya mata tun ba ta kai tsayin tebur ba. Ya gani, ya yi kamar bai gani ba. Ya ciro babbar fitilarsa daga jaka ya ɗora, ya kwance maɗaurin don ya ɗaga, sai fitilar ta fara sauka a hankali tana huci. Ya yi tsalle baya.

"Kin gani ko? Shi ma halinsu ɗaya!"

"Iska ce a cikin sandar, Baba. In ka saki, ita ke tare fitilar kada ta faɗo maka a yatsa. Ɗaure ka gani."

Ya ɗaure. Ya ciro jan farce ya ja layi, ya nemi kujera.

"Baba, saye ka zo yi ko gadi?" in ji mai shago.

"Tsaya haka," in ji shi.

Awa ɗaya da rabi ya yi a zaune. Manyan motoci uku suka wuce. Layin bai motsa ba. Ya ce a ba shi biyu, amma ba na cikin kwali ba, wannan da ya yi gadinsa, ɗayan kuma gobe zai dawo ya yi gadinsa shi ma.

Da suka koma shagonsa ya tsaya yana lalube a aljihu kamar makullin ya ɓata, sannan ya miƙa mata. "Buɗe, hannuna da kaya." Ta buɗe, ta miƙo masa. Ya wuce ciki bai karɓa ba.

"Litinin da wuri za ki zo, akwai aiki."

Ta jefa makullin a jaka. Da ta juyo sai ta gan shi durƙushe yana ƙara wa jan layin kauri.

"Baba!"

"Ba ke nake zargi ba," in ji shi, yana hararar sabuwar ƙafar. "Shi ne ban gama sani ba."