Ɗan Gyartai da Gorunan Tsuntsaye

Mahaifina gyartai ne. A gidanmu ba a ganin ƙwarya da huji a wuce ta. Ko ta baƙo ce, sai an ɗinke kafin a tambayi mai ita. Da wannan hali na zo New York, kuma saura kaɗan ya sa ni kisan kai a kan 'ya'yan tsuntsaye. Allah Ya yafe mini.

Ina gadi a wani gidan haya a Staten Island. A cikin masu hayar akwai wata tsohuwar Baturiya, Mama nake ce mata. Ita ke kula da wasu tsuntsaye dangin tsattsewa, baƙaƙe masu sheƙin shunayya, da ke zuwa bakin ruwa duk bazara su yi ƙwai. Ba sa sheƙa a bishiya, sai a goruna da aka rataya a doguwar sanda, aka shafa musu farin fenti. Duk Asabar a sassauta igiya, gorunan su sauko kamar guga, a leƙa a ga wa ya ƙyanƙyashe. Ni ke ja mata igiyar. Abokina, wani Badamagare mai shago a Port Richmond, shi ke kai mu a motarsa, don dai ya samu abin dariya.

Wani mako gwiwa ta hana Mama fita, ta tura ni ni kaɗai. Da na sauke gorunan sai na ga kowanne da ƙananan huji a gindinsa. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata Turawa sun iya jirgin sama amma ba su san duma ba, ga ƙwari sun cinye musu kaya. Ban tambayi kowa ba. Na sayo gam, na fasa tsinken sakace, na toshe hujin tsaf, na bi da fenti. Ko mahaifina ba zai gane wurin ba.

Sai aka kwana biyu ana ruwa da iska.

Ranar Asabar ina jan igiya na ji nauyi, na kuma ji wani abu na cewal-cewal a ciki. Mama ta buɗe goran farko. 'Ya'yan suna zaune a jiƙaƙƙiyar ciyawa, tsirara, suna rawar sanyi kamar waɗanda kwalekwale ya kife da su. Ta juya gindin goran, ta shafa.

"Ina hujin da ruwa ke fita?"

Abokina ya matso kunnena, ya ce da Hausa, "Malam gyartai, ka ce ɓarayi ne."

Abin da na faɗa ya fi nasa muni. Na ce wataƙila tsuntsayen ne suka toshe.

"Da gam?" in ji Mama. "Har da fenti?"

Ba ta jira amsa ba. Ta cire hulata, ta cire ta abokina, muka riƙa kwashe 'ya'yan muna zubawa a ciki. Aka kunna na'urar ɗumama mota a tsakiyar zafin Yuni, aka jera huluna a kujera. Iyayen kuwa suna ta kawo mana sura a ka.

"Mota ta koma asibitin haihuwa," in ji abokina. "Wallahi idan suka yi kashi a hular nan, kai za ka je Juma'a da ita."

Ɗaya ne ya ƙi motsi, ɗan auta, wuyansa a lanƙwashe. Mama ta miƙo mini shi, ta ce in sa shi a cikin riga, jikin fatata. Haka na durƙusa, tsuntsu a ƙirji, na ciro basillar mahaifina da ke aljihuna kullum, na shiga huda gorunan ɗaya bayan ɗaya. Basillar da ba ta taɓa shiga ƙwarya ba sai don ta rufe ta. Ruwa na tsiyaya a hannuna ina istigfari.

Ina kan na ƙarshe na ji ƙaiƙayi a ƙirji. Na leƙa. Ɗan autan ya wage baki rawaya, ya ɗauka ni ce uwarsa.

Muka zuba busasshiyar ciyawa, muka mai da kowa ɗakinsa. A nan na gaya wa Mama gaskiya, har da sana'ar mahaifina. Ta duba toshin da na ɓamɓare, ta ce aikin ya yi kyau ƙwarai, kada in kuskura in sake.

Yanzu duk sabon gora ni ake kawo wa in huda. Har yau ban gaya wa kowa a gida ba.